Zaren Shuɗi a Gonar Gawo

Ran sunan jikar marigayi Yaya Haruna ina zaune a bakin zaure bayan an shafa fatiha, na ji wasu samari daga cikinku suna zolayar juna. Ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ai ba laifinsa ba ne, jinin Mai Shara ne ke yawo a jikinsa. Aka tuntsire da dariya, har da jikokin marigayin na cikinsa. Ban tsawata muku a wurin ba, don ranar farin ciki ce, kuma na san ba da mugun nufi kuka faɗa ba. Sunan nan da aka laƙaba wa Yaya Haruna kuka tarar, ba ku tarar da dalilinsa ba. Waɗanda suka san dalilin saura mu biyu, ni da Yaya Asabe matarsa, ita kuwa ko kun roƙe ta ba za ta zauna ta ba ku ba. Shi ya sa na ware wannan babi daga labarin tafiye-tafiyena na bai wa wana, shi da bai taɓa wuce Zariya ba.

Sai kun fara sanin irin ƙasarmu. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota, na kwana a garuruwan da yanzu ko sunansu na manta. A Chadi na ga manomi in gonarsa ta gaji sai ya bar ta, ya matsa gaba ya yi sabon sassabe, ba mai tambayarsa. A Sudan na ga inda kogi ke kawo wa gona abincinta har gida. A kudancin Kamaru kuwa ƙasa ce da in ka jingina sandarka ka yi hira mai tsawo sai ka ji tsoron kada ta yi saiwa. Mu nan arewacin Kano ba mu da ko ɗaya daga ciki. Daga ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, duk inda ka juya gonar wani ce, iyakarta layin gamba, bayan gamba kuma gonar wani. Ba daji, ba saura. Gonar da kakanmu ya noma ita Baba ya noma, ba ta taɓa hutun damina ɗaya ba, kuma ba abin da ya riƙe ta sai taki. Shi ya sa taki yake da hukunci a wurinmu irin wanda ban gani a ko'ina ba. In aka ba mutum aron gona ya zuba mata takinsa, ba mai karɓe ta sai ya ci takinsa, damina biyu ko uku. Hukunci ne na adalci. Amma ku duba, in kafin wancan ya ƙare ya ƙara zuba wani fa? Ta haka gonaki da yawa suka sauya gida, ba ciniki, ba faɗa. Mai ita yana birni yana cewa yana da gona a ƙauye, sai jikokinsa sun zo a nuna musu inda take a da.

Da Baba ya rasu ya bar mana gona ɗaya, wadda muke kira Gonar Gawo saboda ƙaton gawon da ke tsakiyarta. Ba mu raba ta ba, don Inna na da rai kuma daga ita take ci. Yaya ya yi juyin duniya ta koma Kano wurinsa, ta ce ba za ta tsufa a garin da ake sayen ruwa da itace ba. Ni ina kan hanya, shi yana aiki a wata masaƙa a Bompai, ba mai riƙe fartanya a cikinmu. Sai ya je wurin Malam Tanko, maƙwabcinmu na gida da na gona, abokin Baba wanda suka yi shekaru suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Mutum ne mai 'ya'ya da yawa, gonarsa kuwa kamar buzun salla. Yaya ya ce masa ya noma Gonar Gawo, a raba amfani, rabonmu a zuba wa Inna a rumbu. Sharaɗi ɗaya ya sa.

"Baba Tanko, ƙarfi naka, taki nawa."

Malam Tanko ya ce ya ji ya yarda. Ba a kira shaida ba, don kiran shaida tsakaninka da abokin ubanka zagi ne.

To ina mutumin da ke haya a birni zai samo takin gona guda? Nan ne sunan ya samo asali. Aikin Yaya shi ne tsayawa gaban injin saƙa yana ɗaura zare in ya tsinke, daga safe har la'asar. Ƙarar injin ce ta nauyaya masa kunne ɗaya, shi ya sa kuka san shi yana karkata kai in ana masa magana. Ɗaki biyu yake haya a Birget, a gidan da ke cike da jama'a, da 'yan awakinsa a lungu. Ya bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su tokar murhunsu. Ya haɗa da kashin awaki da na kaji. Ya nemi izini a masaƙa aka bar masa sharar da ake sharewa ƙarƙashin injina, burbushin auduga da guntayen zare. Duk ya tara a rami a bayan gida, yana yayyafa ruwan wanke-wanke har ya nuna. Ran Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci, motocin hatsi suna fita daga Kano ba kaya a bayansu, sai ya ɗora buhunansa ya zauna a kai. In ya sauka a mararraba ya ari jaki da mangala, ya kai gona, ya zuba tsibi-tsibi, ya je ya gai da Inna ya ci tuwonta, da yamma ya dawo a saman buhunan geron wasu. Hutunsa na mako ke nan, duk rani. Yaran mota ne suka fara kiransa Mai Shara. Yana amsawa, don ya ce mai ɗauke ka kyauta yana da damar ya sa maka suna.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, na dawo daga Sudan da bazara, motata ta shiga gareji za a sauke injinta, na sauka a gidan Yaya. Tsakanina da Yaya Asabe akwai wasan ƙanin miji, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Ina ajiye jaka ta ce ga Balarabe ya dawo, me aka kawo wa talakawa. Na ciro kwalbar turare na miƙa mata.

"Madalla, ka san gidan da ka sauka," in ji ta. "Mata suna tarar mazansu da ruwan sha, ni nawa tsintsiya nake miƙa masa."

Kada bakinta ya ruɗe ku. Ita ce ke bin ɗakuna da tsohon daro tana karɓar toka, kuma an ba ni labarin ta taɓa tsare wata amarya da ta watsa tokarta a kwata, ta ce mata wannan da kika zubar tuwon surukata ne.

A wannan zuwan na tarar da ita da wani haske a fuska. Ashe masu masaƙar sun buɗe reshe a Kaduna, suna neman tsofaffin hannu, an kira Yaya an ce za a yi masa heluma, ya shugabanci layin injina guda. Da muƙamin akwai gidan kamfani, ɗaki uku, da famfo a tsakar gida. An ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo amsa. Ku da kuka tashi kuna murɗa famfo ba za ku san abin da wannan yake nufi gare ta ba. Tun tana amarya take sauraron ƙarar garwar mai ruwa, tana auna abin da za ta yi wanka da shi da abin da za ta wanke yara. Har ta gama tsara inda za ta sa gadonta da inda za ta shuka lalle a gefen famfon.

Ran Asabar da yamma muna shan fura a ƙofar ɗaki na ce masa ya karɓa. Na ce albashin heluma ya isa ya riƙa aikowa ana sayen taki a ƙauye ana zubawa. Ya karkato kunnensa mai ji, ya saurare ni har na gama.

"Takin da aka saya a ƙauye, daga garken wa ya fito?" ya tambaye ni. "Gobe mai garken ya ce kyauta ya bai wa Tanko, sai in taso daga Kaduna in zo in yi rantsuwa?"

Na ba shi labarin manoman auduga da na gani a Sudan, kowa da lambar gonarsa a ofis, ko ya yi shekara goma a Makka ya dawo tana nan. Ya ce can takarda ke tsare gona, nan kuwa sawun ƙafarka. Yaya Asabe tana jinmu daga bakin murhu. Ta ce to sai a tambayi sawun ƙafa ko zai ɗebo mata ruwa. Na ga alamar shi kansa bai yanke ba, don yana son matar nan fiye da yadda mutanen zamaninmu ke nunawa. Ya ce mini in shirya, gobe tare za mu.

Muka hau motar hatsi da buhuna. Da muka kora jaki muka zagayo bayan gari, tun daga nesa na ga ya rage tafiya. Gonar Gawo cike take da tsibi, baƙaƙe, jere daga gamba zuwa gamba. Kashin shanu ne, sabo, irin na ruga, ba irin nasa mai toka-toka ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai sauke namu ba, ya juya jakin muka nufi gida.

Inna tana ganinmu ta san mun gani. Ta ce labarin Kaduna ya riga mu zuwa, yaran mota suka kawo shi kasuwa. Mako guda Malam Tanko da 'ya'yansa suna jigila daga rugar Fulani, ya ba su karan dawarsa suka ba shi taki. Da ta yi masa magana ya ce tunda Haruna zai yi nisa, kada gona ta shiga damina da yunwa. Ta ce ita mace ce kuma tsohuwa, ba ta da bakin da za ta hana mutum kyautata wa gonar mijinta, amma ba ta yi barcin kirki ba tun ranar.

Bayan azahar muka haɗu a zauren mai unguwa, dattijo sa'an Baba. Malam Tanko bai ce gona tasa ce ba, ya fi ƙarfin wannan wauta. Cewa ya yi duk ƙarfin da ke cikin ƙasar nan nasa ne, shekara da shekaru yana zuba ɗan abin da ya samu, abin da Haruna ke kawowa kuwa ƙurar birni ce da iska ke kwashewa kafin ruwan farko. Yana da taki a ciki, tsoho da sabo, kuma yana roƙon a bar shi ya ci. Kowa a zauren ya san inda maganar za ta kwana. Mai unguwa ya tambaya ko akwai shaidar sharaɗin farko, aka ce babu. Ya ce to magana ta kara da magana, sai dai rantsuwa. Na ga fuskar Malam Tanko ta sauya, ya shiga jan gemunsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "ba zan sa abokin ubana ya dafa Alƙur'ani a kan kashin shanu ba. A ba ni aron fartanya mu je gonar, tana da baki."

Muka ɗunguma, da mai unguwa da wasu dattawa biyu da ke zaune. Yaya ya ce Malam Tanko ya nuna duk inda ya ga dama. Ya nuna can ƙuryar arewa, nesa da hanyar jaki. Yaya ya sara, ya zurfafa kamar kamu ɗaya, ya ɗebo ƙasa a tafinsa ya murza. Baƙa ce, mai laushi, kuma a cikinta ga wasu siraran zaruruwa shuɗɗa sun nannaɗe kamar saiwa. Masaƙarsu yadin kayan 'yan makaranta take saƙawa, zaren rabi auduga rabi roba. Audugar ta ruɓe ta zama ƙasa, robar ta zauna. Aka koma gindin gawo aka sara, ga zare, har da murfin kwalbar lemo. Aka je kudu, haka. Mai unguwa ya karɓi fartanyar da kansa, ya tsallaka gamba zuwa gonar Malam Tanko ya sara. Rairayi ne fari, ba ko sili ɗaya.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shanun wace ruga ne ke cin yadi. Aka yi 'yar dariya, Malam Tanko kansa ya ce, kamar da bakinsa ya kuɓuce, wallahi wannan zaren shi ke hana shi sauri a noma, kullum yana cire shi daga bakin fartanya. Yana faɗa ya gane abin da ya faɗa.

Mai unguwa ya yanke a nan tsaye: tsohon taki na Haruna ne, sabon na Tanko ne amma ba da izini ya zuba ba, ya kwashe abinsa kafin ruwa, kuma masu gona suna da damar ba wani aron. Na ɗauka an gama. Sai Malam Tanko ya tsuguna a kan dugadugansa, tsoho da furfurarsa, ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Haruna, kai ka san yawan bakin da ke gidana. In ka tafi Kaduna, shekara biyu za ka gaji, wani mai kuɗi ya zo daga birni ya saya, ya ce mini tashi. Na ce gara in riƙe, ni da na san inda kowace kunyar gonar ubanka ta kwanta."

Yaya ya tsuguna shi ma, don ba ya tsayawa a kan babba. Ya ce ba sai an kwashe komai ba. Tsibin nan su zauna, shi ya karɓe su, a madadinsu buhunan da muka zo da su yau da na makonni masu zuwa a kai gonar Malam Tanko har su yi daidai. Musaya ce, dattawa su shaida, don kada gobe a ce wani yana da taki a gonar wani. Noma kuwa yana hannun Malam Tanko kamar da.

"Maganar Kaduna kuma ka kwantar da hankalinka, Baba Tanko. Ba inda za ni."

A nan na fara jin amsar, a tsakiyar gona, kafin matarsa ta ji. A hanyar dawowa muna saman buhuna na tambaye shi ko ya san abin da ya yar. Ya ce ya sani. Ya ce yau mako ɗaya kawai aka ji ƙishin-ƙishin zai tafi, ga abin da ya faru, ina ga ya tafi.

Muka iso ana kiran magariba. Bayan salla ya same ta tana tankaɗe, ya tsaya ya gaya mata, ni ina daga ƙofa. Ba ta daina tankaɗen ba sai da garin ya ƙare. Ta tambaye shi ko ya shawarce ta kafin ya faɗa a gaban mutane. Ya ce bai shawarce ta ba, kuma ta yi haƙuri.

"Haƙuri zan yi, ina da wata sana'a ne?" in ji ta. "Abu ɗaya nake roƙo. In 'yan'uwana sun tambaya, kada ka ce Allah ne bai yi ba. Allah ya yi. Kai ne ba ka yi ba."

Ya ce haka zai faɗa, kuma haka ya riƙa faɗa har ya mutu. Satin nan gidan ya yi tsit. Abinci na zuwa a kan lokaci, gaisuwa ba ta yanke ba, amma ko ni ba ta tsokane ni ba. Ran Asabar da zan koma gareji ɗaukar motata, na fito da safe na tarar da buhuna a jingine a bakin ƙofa, an cika su, an ɗinke bakinsu da irin ɗinkinta.

Ba zan ce muku zamani ya nuna Yaya ne ke da gaskiya ba, don na ga ɗaya gefen da idona. Mutumin da aka tura a madadinsa na sauka gidansa a Kaduna daga baya. Ya gina nasa na kansa, ya sauke farali shi da matarsa, 'ya'yansa sun yi karatu mai zurfi. Yaya kuwa a gaban injin nan ya tsaya yana ɗaurin zare, yaran da ya koya wa aiki suna zama shugabanninsa, har ranar da aka rufe masaƙar. Bai mallaki ko shago a Kano ba. Ya fito da tarin da ƙurar auduga ta sa masa, wanda ya raka shi kabari. Yaya Asabe ta aurar da 'ya'yanta duka daga ɗaki biyun nan na haya, tana sayen ruwa.

Abin da na sani shi ne, a Jidda da sauran wurare na zauna da 'yan ƙasarmu da yawa, kuma da wuya hira ta yi nisa wani bai ce yana da gona a gida ba. Wasunsu na raka su gidan, aka karɓe su da fura da mutunci, aka nuna musu gonar daga bakin hanya. Inna kuwa daga gonar mijinta ta ci har ta koma ga Allah, ba ta taɓa aika ƙwarya gidan kowa ba. Da aka rufe masaƙa Yaya ya tattara ya dawo ƙauye, lokacin Malam Tanko ya rasu, 'ya'yansa suka miƙa gona ba tare da an je zauren kowa ba. Da aka zo rabon gado aka auna mini kasona daidai da nasa, ni da ban taɓa zuba mata ko cikin tafi ba. Na ce ya riƙe, ya ce shi ajiya aka ba shi. Geron da ake sauke muku a ƙofar gida duk kaka, wanda kuke kunun azumi da shi, daga nan yake fitowa.

Bara da damina na je ƙauye duba Yaya Asabe. Gwiwa ta hana ta nisa, amma ta ce in kai ta ta ga gero. Muka tafi a hankali, tana dafe da sanda, tana faɗa mini wai duk yawon duniyar da na yi ban koyo tafiya da mace ba. An gama maimai, noma na biyu, ƙasa a juye take. A gindin gawo ta tsaya, ta sa bakin sandarta ta tono wani abu, ta ce in miƙo mata. Zare ne, ya koɗe amma har yanzu shuɗi. Ta kaɗe ƙasar jikinsa, ta ɗaga shi daidai idona.

"Balarabe, ka ga gidana mai famfo."

Ta nannaɗe shi a yatsa, ta ƙulle a bakin zanenta inda take ajiye goro, ta ce mu tafi, hadari na haɗowa.